Jan Biro a Shafi na Sha Huɗu

Talata, 4 ga wata, biyar da rabi na yamma

Yau ma ajin ya tashi a makare. Ɗalibi goma sha bakwai, labari goma sha bakwai, goma sha ɗaya daga ciki sun fara da fitowar rana. Na ce duk wanda ya sake fito mini da rana a layin farko zan mayar masa da ita inda ta fito. Suka yi dariya. Mai Jan Biro suke kirana a bayan idona, sun kuma san na sani.

Da na fito sai na tarar da wata mata zaune a bencin ƙofar ofishina, da leda a cinyarta. Za ta yi shekara arba'in da 'yan kai. Ta miƙe ta gaishe ni har da rusunawa, ta ce, "Malama, ba ki gane ni ba." Na ce ta yi haƙuri, fuskoki sun yi mini yawa. Ta ce shekara bakwai da suka wuce ta yi wata uku a ajina na koyon rubuta labari, ita ce mai ɗinkin nan da ke zama kusa da taga. Na ce, "A'a, ikon Allah, ya bayan rabuwa?" Ƙarya nake yi, ban tuna ta ba.

Ta zaro littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa har ya yi laushi. Ta ce wata mai kawo mata ɗinki ce ta manta sabon littafina a shagonta, ita kuma ta karanta. "Ba rigima na zo yi ba, Malama. Ki duba shafi na sha huɗu. Tambaya ɗaya gare ni. Ashe daman yana da kyau?"

Ta kwatanta mini shagon, bayan tashar mota, jikin kantin magani. Ta ce duk ranar da na samu amsa tana nan, ba ta zuwa ko'ina.

Na cusa ledar a jaka. Mutane dai ba sa rasa fitina.

Laraba, 5 ga wata, shida da kwata na safe

Na duba.

Laraba, biyu na rana

Shafi ɗaya da rabi ne, da shuɗin biro, rubutun ƙanana a jere kamar tururuwa. Yarinya ta ɗauko rigar mahaifiyarta da ta rasu za ta rage mata tsawo. Tana farke kalmasar sai ta ga ɗinkin hannun uwar. Daga farko a matse yake, suka kusa da suka. Can gaba ya fara buɗewa. Daga ƙarshe ya karkace, har allurar ta riƙa kuskure bakin yadin. A nan yarinyar ta gane cewa uwar ta daɗe tana makancewa, ba ta gaya wa kowa ba.

Wannan shi ne babi na tara a sabon littafina. Shi ne babin da jarida ta buga, shi aka karanta a rediyo, shi mutane ke tare ni a kasuwa su ce ya sa su kuka. Littattafaina biyar na baya babu wanda ya taɓa tare ni a hanya saboda su.

A kan shafin nata akwai jan layi biyu, gicciye, daga wannan kusurwa zuwa waccan. A gefe an rubuta: "Wannan neman kuka ne kawai. Ba zai yi ba. Cire." Hannuna ne. Har da kwanan wata.

Ban yi sata ba. Na karanta labarin ɗalibai ya fi dubu biyu a shekara ashirin da shida. Wa zai riƙe wannan duka a ka?

Alhamis, 6 ga wata, bakwai na safe

Baban yara na zaune a baranda yana ɗinke maɓallin rigarsa, tabarau a kan hanci. Tun da muka yi aure shi ke ɗinke kayansa, da nawa ma. Na ce masa wata tsohuwar ɗaliba ta zo tana cewa babi na tara ya yi kama da nata.

Ya ce, "Kama kamar yaya? Kamar 'yan uwa ko kamar tagwaye?"

Na ce ban shirya wasa ba da safen nan.

Ya ciji zaren ya tsinke shi. Ya ce, "Ni dai tun ranar da na karanta nake mamaki. Ke da ko zare ba ki iya zurawa a allura ba, ina kika san ɗinkin makauniya? Na ce to, baiwa ce."

Na ce shayinsa ya huce. Ya ce ai bai ce komai ba.

Asabar, 8 ga wata, sha ɗaya na safe

Na kira Yaya. A rediyo watan jiya an tambaye ni inda na samo babin, na ce rigar mahaifiyarmu ce, shuɗiya, na farke ta bayan rasuwarta. Wallahi da nake faɗa ina ganin rigar a idona, har ƙanshin akwatin ina ji.

Yaya ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke Auta, ki ji tsoron Allah. Inna ta taɓa riƙe allura? Kuma da idonta garau ta tafi, ranar ƙarshe ma ita ta hango ƙuda a kofin ruwana. Na ji ki a rediyon, na ce wa jikokina ku ƙyale ta, sana'arta ce."

Shekarata hamsin da bakwai, har yanzu Auta.

Na ce shuɗiyar rigar fa? Ta ce wace shuɗiya?

Litinin, 10 ga wata, huɗu na yamma

Ban yi sata ba. Ruwa ne, in ya daɗe a ƙasa ba a sanin daga rufin wa ya zubo.

Wannan jimlar ta yi daɗi da yawa. Da ɗaliba ce ta kawo mini ita da na ja mata layi.

Talata, 11 ga wata, shida na yamma

Darasin yau tun farkon zango yake cikin tsari, ba ni na zaɓe shi ba: inda marubuci ke samun labari. Kowace shekara nakan ɗaga baƙin littafina in nuna musu. Tun ina budurwa nake yawo da irinsa a jaka. Duk maganar da na ji ta burge ni, a mota, a asibiti, a layin famfo, sai in rubuta. Ba na sa sunan mai maganar, don a ganina suna yana ɗaure magana. Nakan ce musu marubuci mai tsintuwa ne, kuma tsintuwa ba sata ba ce.

Yau da na faɗa, wata mai farin gilashi a layin gaba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, to in a ɗakin mutum aka yi tsintuwar fa?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa na hau ta da faɗa. Na ce in wasa ya kawo ta ga ƙofa nan. Na ce labarinta na makon jiya ko a takardar ƙunshe gyaɗa bai cancanta ba. Ta sunkuyar da kai. Ba ta san komai ba, baiwar Allah, raha kawai ta yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Laraba, 12 ga wata, tara na safe

Littafin mai ɗinki yana cikin aljihun tebur, ƙarƙashin takardun jarrabawa. Na buɗe sau huɗu tun safe. Jan layin bai goge ba.

Juma'a, 14 ga wata, uku na rana

Editana ya zo ofis da fara'arsa da sabon takalmi. Za a yi bugu na biyu. Ranar Asabar ta sama kuma an shirya taro a babban ɗakin karatu, zan karanta wani abu daga littafin. Ya ce, "Babi na tara mana, Malama. Shi jama'a za su zo ji."

Na rufe ƙofa na nuna masa shafin. Ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya tambaya ko tana da wani kwafi. Na ce ban sani ba. Ya tambaya ko ta ɗauki hoto. Na ce ba ta yi kama da mai ɗaukar hoto ba.

Ya ce, "To ai shi ke nan. Ta ba ki da hannunta. Kalmomin ma ba ɗaya ba ne, naki ya fi gogewa. In kina so mu ƙara layi ɗaya a shafin godiya, ga ɗalibaina da na koya daga gare su. Kowa ya huta."

Na ce ba godiya ta nema ba. Tambaya ta yi.

"Wace tambaya?"

Na gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sai ki ce mata e mana. Me zai ci miki?"

Yaro ne. Bai san abin da e ɗin nan ke ja a bayansa ba.

Kuma nawa bai fi gogewa ba. Na ƙara ruwan sama a taga, na ƙara kukan yarinyar. A nata yarinyar ba ta yi kuka ba, ta mayar da zaren cikin allura kawai. Nata ya fi.

Lahadi, 16 ga wata, biyar na yamma

Tun safe nake ɗakin ajiya. Baƙaƙen littattafan nan suna cikin kwali uku a saman kabad, guda sittin da wani abu, ƙura ta shige mini hanci har na yi ta atishawa. Baban yara ya riƙe mini kujera. Ya ce me nake nema. Na ce shaida. Ya ce ta wa? Na ce ya riƙe kujerar da kyau.

Ina so in ga babu labarin mai ɗinki a ciki. In babu shi, to kaina ne ya riƙe ba da sanina ba, kuma wannan kowane marubuci yana iya faɗawa ciki.

Ban kai ga na shekarar da ta yi ajina ba. Bayana ya riƙe.

Litinin, 17 ga wata, goma na safe

Yana ciki.

Litinin, sha biyu da rabi

Shafi biyu, da hannuna, kalma bayan kalma, ban tsallake ko waƙafi ba. Babu suna, kamar kullum. Kwanan watan da ke sama shi ne kwanan watan da ke gefen jan layin. Rana ɗaya. Zama ɗaya ma, ina jin.

Ba na kwafar abin da ba shi da kyau. Ban taɓa ba.

Shafin da ke gabansa na rubuta: "Shekara huɗu ke nan ban gama ko babi ɗaya ba." Na bayansa lissafin cefane ne.

Yanzu na tuna ta. Takan zo da guntayen zare manne a mayafinta. Ba ta magana a aji. Makon da na mayar mata da littafin ta zo, mako na gaba kujerar taga babu kowa, na ce a raina waɗannan daman ba sa daɗewa.

Laraba, 19 ga wata, huɗu da rabi na yamma

Na bi ta bayan tasha. Ba hanyata ba ce. Shagon ƙarami ne, ƙofa ɗaya, labule mai ruwan ƙasa an ɗage shi rabi. Na hango ƙafarta a kan keken ɗinki tana tashi tana sauka. Na tsaya a kantin maganin na sayi maganin ciwon kai da ba na bukata, na juya.

Alhamis, 20 ga wata, bakwai na safe

Mai farin gilashi ba ta zo aji ba ranar Talata. Kujerarta ce kawai babu kowa.

Asabar, 22 ga wata, shida da rabi na yamma

An yi taron. Ɗakin ya cika har da na tsaye. Na hau dandamali da niyyar karanta babi na uku, na ma sa takarda a wurin. Da na buɗe baki sai wani daga baya ya ce, "Na tara, Malama," jama'a suka ɗauka. Na karanta na tara.

Na karanta shi da kyau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na san inda zan ja numfashi, na san inda zan sassauta murya. Wani dattijo a layi na biyu ya cire hula ya rufe fuska da ita. Bayan an tashi ya zo ya ce matarsa haka ta yi, shekara biyu tana lalube a ɗaki ba su sani ba. Ya ce, "Allah ya yi wa mahaifiyarki rahama, 'yata." Na ce amin.

Na sa hannu a littafi arba'in da ɗaya. Edita ne ya ƙirga.

A mota baban yara bai kunna rediyo ba. Sai da muka kusa gida ya ce, "Shekara ashirin da shida ina jin kina yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan gaskiya a rubutu. Wanzami dai ba ya son jarfa." Na ce ya tsaya in sauka. Bai tsaya ba, ni ma ban sake cewa ba.

Lahadi, 23 ga wata, biyu na rana

Ban tashi daga gado ba. Na ce zazzaɓi ne. Ya kawo mini shayi ya ajiye, bai taɓa goshina ba.

Talata, 25 ga wata, shida na yamma

Na karɓi labari goma sha shida. Na zauna da su awa biyu a ofis, jan biro a hannu, ban iya sa ko ɗigo ba. Duk layin da na ga ya yi rauni sai in tsaya in tambayi kaina, rauni ne da shi ko haushinsa nake ji? Da can ba na wannan tambayar. Sau nawa ke nan a shekara ashirin da shida? Kwali uku ne a saman kabad, kuma babu suna ko ɗaya a ciki.

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan a nan ba.

Laraba, 26 ga wata, takwas na safe

Na kira edita na ce a dakatar da bugu na biyu. Ya ce sun riga sun sayi takarda. Na ce su ajiye ta, ba ta ruɓewa. Ya ce, "Malama, kin san abin da za a ce?" Na ce na sani, ni na koya wa rabinsu yadda ake faɗarsa.

Alhamis, 27 ga wata, biyar na yamma

Na je.

Tana ɗinka wuyan wata rigar makaranta. Ta share mini kujera da gefen mayafinta, ta aika aka kawo ruwa. Muka gaisa kamar mutanen kirki, ya gida, ya yara, ya aiki. Na ajiye littafinta a kan teburin yanka. Sunanta na jikin bangon. Ba zan rubuta shi a nan ba, abin da na ɗauka daga wurinta ya isa.

Na ce, "Yana da kyau."

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. Ta ce, "Yanzu kika gani, ko tun ranar?"

Na shirya jawabi tun daga gida, mai kyau, da ruwa da rufi a ciki. Na ce, "Tun ranar. Na kwafe shi a littafina kafin in ja masa layi."

"To me ya sa, Malama?"

"Shekara huɗu ina zaune gaban farar takarda. Sai ga ki kin shigo da zare a mayafi kin rubuta wannan. Baƙin ciki na yi miki."

Ta daɗe tana kallon allurar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na gode. Ni daman abin da nake so in sani ke nan. Shekara bakwai ina cewa kaina ne ba daidai ba, da nake jin kamar ya yi."

Na ce na dakatar da bugun, za a sa sunanta a kan babin, zan faɗa a rediyo da bakina. Ta ce in yi yadda na ga ya dace, wannan tsakanina da mutanena ne. Na ce ta dawo aji. Na ce in tana da wasu rubuce-rubucen ta kawo, zan karanta, ba da jan biro ba.

Ta yi 'yar dariya. Ta ce, "Littafi goma sha biyu ne da. Wannan ƙanwata ce ta ara ta manta da shi a gidanta, shi ya sa ya tsira. Sauran ga su nan."

Ta nuna bango da haɓa. Tun da na shigo nake ganinsu ban kula ba. Takardu ne rataye a ƙusoshi, irin waɗanda masu ɗinki ke ɗorawa a kan yadi su bi da almakashi. An manna shafi da shafi don su yi kauri, an yanka su surar wuyan riga, surar aljihu, surar bakin hannu. Sun yi baƙi da taɓawa. Duk jikinsu rubutu ne, shuɗin biro, ƙanana a jere.

Ta ce, "Takardar tana da ƙwari. Na ce tunda ba su yi ba, kada su tafi a banza."

Na matsa kusa da wani mai surar aljihu. Almakashi ya cinye farkon layukan da ƙarshensu, amma a tsakiya akwai guda da ya kusa tsira: "da aka fitar da gadon sai muka ga simintin wurin sabo fil, kamar shekara talatin ɗin nan ba su"

A nan almakashin ya bi.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba. Sai da na ji bangon baƙin littafin a yatsuna na farga. Na ɗago, tana kallon hannun nawa.

Ta miƙe ta zare takardar daga ƙusa ta miƙo mini. Ta ce, "Riƙe, Malama. Ni na manta yadda ya ƙare."

Ta koma kan kekenta. Mai rigar zai zo karɓa kafin shida.

Juma'a, 28 ga wata, bakwai na safe

Guntun takardar yana kan tebur, na kife shi. Ban kwafa ba.

Na riga na haddace shi.